Sunan Dutse Sau Arba'in da Ɗaya

A Corme, inda ƙasar Galisiya ta yi shiru
teku ya karɓi zancen,
Sabela Lourido na da ɗaki a bayan shagon masu ɗinkin koma.
Ni ce mai juya mata hannun injin ɗab'i.
Aikina ke nan: in juya, in tsaya, in juya.

Duwatsun gaɓar nan kowanne da sunansa,
ba a taswira ba,
a bakin mutanen da ke ɓamɓaro abincinsu daga jikin dutse
tsakanin igiyar ruwa da wadda ke biye da ita.
Akwai Tsohuwa Mai Tari.
Akwai Kujerar Mai Bin Bashi.
Akwai wanda ake ce wa Kada Ka Waiwaya.
Yaran yanzu waya ke nuna musu hanya,
dutse ya koma lamba.

Ta ɗauki na ƙarshen nan.
Ta sassaƙa shi a katakon wani mataccen kwale-kwale,
baibai, kowane harafi ya ba ta ƙeya,
don a wannan sana'a
magana sai ta kwanta a juye take tashi daidai.

Tawada sau ɗaya tak. Dokar ke nan.
Ta shafa, ta ɗora takarda mai laima, na juya.
Ta farko ta fito baƙi ƙirin, tana ihu.
Ta biyu ma.
Ta bakwai ta fara dishewa.
Na juya.
A ta goma sha biyar jijiyoyin itacen suka taso,
suka ratsa haruffan kamar ruwa mai janyewa daga yashi.
Na juya. Kafaɗata ta ce ya isa. Na juya.
Kada Ka Waiwaya.
Kada Ka Waiwaya.
Kada Ka.
Ka.

Muka shanya su a igiya ɗaya, bango zuwa bango.
Na ja da baya don in sha ruwa,
sai na ga babu rubutu a ɗakin:
gaɓa ce, tun daga inda take da nauyi
har inda gajimare ya haɗiye ta.

Wani mai shagon zane ya zo daga Madrid da takalmi mai tsabta.
Ya ce, wacce ce ta asali?
Sabela ta nuna masa taga.
Ya leƙa, ya ga ruwan sama, bai sayi komai ba.

Ranar Laraba tsoho Amaro ya shigo neman aron guduma.
Karatu bai dame shi ba, idon hagu ma ya tafi.
Ya bi igiyar a hankali kamar mai duba kifi a kasuwa,
ya tsaya a ta ashirin da uku.
Ya ce, haka yake a watan Nuwamba,
da misalin ƙarfe shida, in ka fito ta arewa.
Ya ce, a nan ƙanena Brais ya waiwaya.

Ba wanda ya ce uffan.
A waje wani yana kankare tsatsa daga anga.

Ya ce shekara hamsin yana kiran sunan dutsen nan
kullum kafin ya sa ƙafa a ruwa,
har sunan ya siɗe a bakinsa kamar guntun sabulu,
ya daina nufin komai,
sai dai in bai faɗa ba, ba ya iya fita.

Ya nemi ta arba'in da ɗaya.
Na ce, Baba, ai wannan fara ce fat, tawada ba ta kai ta ba.
Ya goga mata babban yatsa.
Matsin injin ya bar ramin kowane harafi,
yatsan ya bi su ɗaya ɗaya har ƙarshe.
Ya naɗe ta, ya cusa cikin rigar ruwa,
ya manta da gudumar.

Yanzu igiyar da giɓi a ƙarshenta.
Sabela ta ce a bar shi haka.
Gobe Tsohuwa Mai Tari,
kuma har yau baƙin bai fita daga ƙarƙashin farcena ba.